Bikin da ke yawo gari-gari: daga takobin Kantu zuwa Maraɗi Kwalliya, mene ne ya rage mana?

 

An yi girbi, hatsi ya shiga rumbu, sanyin asuba ya soma. A ƙasarmu kowa ya san abin da wannan lokaci ke kawowa. Ka je fada, ka je tasha, ka zauna bakin mai shayi, hira guda ce: wa zai ɗauki takobi bana? Ga kuma 18 ga Disamba tana tafe. Shi ya sa muka ga ya dace yau mu waiwaya mu dubi wata al'ada da Nijar ta daɗe da ita, wadda muka saba da ita har ba mu tambayar daga ina ta fito: al'adar biki mai yawo, bana a wannan gari, baɗi a wancan. Manyan bukukuwa iri uku aka yi mana a kan wannan tsari cikin shekara hamsin. Ɗaya ya mutu, ɗaya ya yi ta faɗuwa yana tashi, ɗaya kuma yana nan da ƙarfinsa. Dalilin haka shi ne abin da muke son mu duba tare da ku.

KAFIN GWAMNATI TA SA HANNU

Kada wani yaro ya ɗauka cewa gwamnati ce ta koya wa kakanninmu fita kallo. Tun kafin Nasara ya zo, kowane gari yana da lokutansa. Akwai hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, da ta Katsinan Maraɗi, da ta Gobir a Tsibiri. Akwai hawan ƙaho da damben mahauta, akwai sharon Fulani, akwai wasan kara na Damagaram inda samari ke kwaikwayon sarki da manyan gari, kowa ya ga kansa ya yi dariya. Da dare ƴan mata na gaɗa a dandali, sarkin samari na tsare da tsari.

Ita kuwa kokowa wasan kaka ce. In damana ta yi kyau, ciki ya cika, sai samarin wannan ƙauye su aika wa na wancan goron gayyata. A share fili, makaɗa su zo, a yi da'ira. Wanda ya yi kaye ba ya samun komai sai suna, wani lokaci da ɗan goro ko kallon budurwa. Amma sunan nan yana kai wa ƙauyuka goma kafin kasuwa ta sake ci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

1975: TAKOBI YA FITO A TAWA

Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau. Ƙasa tana fitowa daga babban fari, dabbobi sun ƙare, mutane sun watse. Sabuwar gwamnati tana neman abin da zai sa mutumin Difa da na Tera su ji cewa ƙasarsu guda ce. Cikin abubuwan da aka yi dabara akwai tara ƴan kokowar ƙasa duka wuri ɗaya.

A shekarar 1975 aka yi karon farko a Tawa. A lokacin jahohi bakwai ne, Tilaberi tana cikin ta Yamai. Wanda ya zama sarkin wannan karo shi ne Yakuba Ango, wanda duniya ta fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi. Filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi har yau. Bayansa sunaye suka yi ta fitowa: Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade na Tawa, Langa-Langa na Damagaram, daga baya su Bala Haruna, Labo Maikafo, Umaru Bindigau, Laminu Mai Daba, har zuwa Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau shida. In ka je Doso za ka tarar filinsu sunan Salma gare shi, na Damagaram kuma Langa-Langa. Ƙasashe nawa ne ke sa wa manyan gine-ginen gwamnati sunan manomi ɗan ƙauye wanda bai taɓa shiga lakwal ba?

Tsarin da aka kafa shi ne sirrin abin. Ba a tashi daga Yamai a zaɓo mutum. Ana farawa daga ƙasa: kokowar ƙauyuka, sannan ta gunduma, sannan ta jaha, har kowace jaha ta tace mutum goma. Yau da jahohi takwas, ƴan kokowa 80 ke nan ke haɗuwa. Kowace jaha sai ta kara da sauran bakwai, safe da marece, kwana bayan kwana. Waɗanda suka fita ba a kada su ba su ne ke ci gaba har a kai ga biyun ƙarshe. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a sa masa babbar riga, a ba shi doki da kuɗi, a miƙa masa takobi.

Kuma filin ba na ƴan kokowa kaɗai ba ne. Akwai makaɗa da mawaƙa, irin su Sagalo wanda muryarsa kaɗai ke sa ƙato ya tashi yana rawar jiki. Akwai kirari, inda mutum zai tsaya tsakiyar fili da walki da layu ya faɗi ko shi wane ne. Akwai ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƴan kokowa suna ba mutane dariya tsakanin karo da karo. Sannan akwai rediyo. Mu da muka tashi a shekarun 1990 da 2000, a bakin rediyo muka fara sanin sunayen garuruwan ƙasarmu, tun kafin malam ya nuna mana su a taswira. Tsoho na riƙe da akwati a kunne, yara sun kewaye shi, mai sharhi na Muryar Sahel yana ta zuba, sai ka ji unguwa duka ta ɗauki ihu lokaci guda. Ba sai ka tambaya ba, ka san namu ya yi kaye.

ZAMANIN SAMARIYA DA FESTIBAL

Biki na biyu shi ne wanda iyayenmu ba su gajiya da labarinsa. Gwamnatin Kunce ta ɗauko tsohuwar ƙungiyar samari ta gargajiya ta raya ta da sunan Samariya, kowace unguwa da tata, kowane ƙauye da tasa. Su ke gayya, su ke sharar gari, su ke gina aji da dashen itace, su ke tarbar baƙi. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka kafa musu babban bikin matasa na ƙasa, wanda mutane ke kira festibal, ana yin sa cikin watan Afrilu, daidai da zagayowar ranar da sojoji suka hau mulki. Shi ma yawo yake yi daga babban birnin wannan jaha zuwa na waccan.

A nan ana gasar bale, da teyatur, da waƙa, da kiɗan gargajiya. Kafin a kai ga zuwa, sai an yi watanni ana gwaji kowane dare a gidan Samariya. Iyayenmu mata da yawa da kuke gani yau da hijabi da tasbaha, ku tambaye su a hankali, za ku sha mamaki. Wata za ta ce maka: “Mu munka tafi har Agadas bisa kamyo, kwana biyu muna hanya, kuma munka zo da kyauta.” Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba ta ga rawar Tubawa da ta Buzaye da ta Zabarmawa da idonta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ke da faɗi irin namu.

Garin da zai karɓi festibal yana samun gidan matasa da al'adu, da filin wasa, da gyaran hanyoyi. Yawancin gidajen da muke kira MJC daga wannan zamani suka samo asali ko suka bunƙasa. Zamanin ne kuma teyatur na Hausa ya yi tashe a rediyo da tele, da mutane irin su Yazi Dogo, waɗanda ke sa mutum dariya har hawaye alhali suna gaya masa gaskiya mai ɗaci kan cin hanci, auren dole ko almubazzaranci. A 1987 kuma aka kafa gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu a Tawa, wadda ta fito da orkes-orkes da mawaƙa da dama.

Amma a faɗi gaskiya duka. Festibal ɗan gwamnati ne. Ranarsa ranar mulki ce, kuɗinsa daga sama suke zuwa, waƙoƙinsa kuma yawanci saƙon hukuma suke ɗauke da shi: haɗin kan ƙasa, yaƙi da hamada, noman rani bayan farin 1984, da yabon masu mulki. Wasu saƙonnin masu amfani ne ƙwarai. Sai dai an ɗaure Samariya a jikin gwamnati kamar akuya a turke. Kunce ya rasu a Nuwamban 1987. A 1989 aka kafa jam'iyya guda, a 1991 aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka yi yawa. Matasan da jiya suke ƙungiya guda a unguwa suka rabu, kowa da tutarsa. Aljihun gwamnati ya bushe, ma'aikata ma suna bin albashin watanni, balle a yi zancen bale. Da turken ya tumɓuke, Samariya ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba.

Abin da ya maye gurbinta kowa ya san shi: fada. Tabarma, butar shayi, kaset, daga baya salula. Finafinan Kano suka shigo gidaje, gidajen sinima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Fita kallo ta ragu, kowa ya koma kallo a ɗaki.

18 GA DISAMBA MAI YAWO

Biki na uku shi ne wanda muka gani da idonmu. Ranar 18 ga Disamban 1958 aka ayyana Jamhuriyar Nijar, kafin samun ƴancin kai na 3 ga Agustan 1960. Shekaru da yawa ranar tana wucewa da jawabi da fareti. A zamanin Tanja Mamadu, bayan Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamban 2005, aka yanke cewa bikin zai riƙa zagaya jahohi, a zuba kuɗi a gyara garin da zai karɓa. Damagaram ta fara a 2006, Tawa 2007, Tilaberi 2008, Difa 2009. A Fabrairun 2010 aka yi juyin mulki, zagayen ya tsaya bai kai ga sauran ba.

Gwamnatin Isufu Mahamadu ta sake ɗauko shi, wannan karo kowane gari da taken kansa: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, Tilaberi Candalo a 2019, sai Difa N'Glaa da aka ɗage daga 2020 zuwa 2021.

Duk wanda ya ce ba a yi komai ba, bai faɗi gaskiya ba. Mutumin da ya bar Maraɗi a 2013 ya dawo a 2016 sai ya tsaya ya tambayi hanya. An shimfiɗa gudro, an sa fitilun kan titi, an gina tiribin, an gyara filayen jirgi da na wasa, an yi masaukan baƙi. Haka Tawa, haka Damagaram. Cikin makon bikin kuwa gari ba ya barci: baje kolin masu sana'ar hannu, maƙera da dukawa da masaƙa, gasar waƙa da rawa, sukuwar dawaki. Mai tuwo ta sayar, mai kilishi ya sayar, ɗan kabu-kabu bai huta ba, mai ɗakin haya ya samu.

To, amma Bahaushe yana tambaya: kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A nan ne bakin mutane ya rabu. Akwai masu rumfuna a bakin titi da aka tasa don a faɗaɗa hanya, wasu har yau ba su koma yadda suke ba. Akwai ayyukan da aka yi cikin gaggawa don a cim ma ranar biki, akwai waɗanda baƙi suka zo suka tafi ba a gama su ba. Babban abin da ya fi damunmu shi ne abin da ya biyo baya. Mun sha shiga wani babban zauren da aka gyara don bikin, bayan ƴan shekaru, don ɗaukar shiri: kujeru sun kakkarye, rabin fitilu sun mutu, mai gadi ne kaɗai da awakinsa. Da muka tambaye shi yaushe rabon da a yi wasa a nan, sai ya yi dariya ya ce sai dai taron siyasa ko na biki in wani mai hali ya kama haya. An gina gida, ba a tanadi wanda zai zauna ciki ba.

ABIN DA YA RABA SU

Yanzu ku dubi kokowa. Daga 1975 zuwa Disamban 2024, da aka yi karo na 45 a Doso, shekara hamsin ke nan. Ƴan shekaru kaɗan ne aka tsallake, kamar shekarar annobar korona. Ta ga mulkin Kunce, da Ali Shaibu, da Mahaman Usman, da Bare, da Wanke, da Tanja, da Salu Jibo, da Isufu, da Bazum, har zuwa na yanzu. A Disamban 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe mana iyakoki, kaya suka yi tsada, wuta ta yi ƙaranci, an yi karo na 44 a Agadas, ƙasa duka ta zauna bakin tele da rediyo. Babu shugaban da ya zo ya ce wannan aikin wanda na kifar ne, a bar shi.

Me ya sa? Don ba wanda zai iya cewa shi ya ƙirƙiro ta. Gwamnati ta zo ta tarar da ita, ta ba ta fili da takobi. Ko yau aka ce babu ko dala a baitulmali, in damana ta yi kyau za a yi kokowa a ƙauyukan Gidan Runji da Mirya da Illela, don akwai yaron da ke son a san sunansa, akwai makaɗin da abincinsa ke nan, akwai tsohon da ya taɓa kaye yana son ya ga ɗansa ya gaje shi. Kwana goman da muke gani a tele kan itace ne kawai, saiwar tana can ƙauye shekara duka. Festibal yana da irin wannan saiwa da farko, amma aka dasa ta a tukunyar mulki. Shi kuwa 18 ga Disamba, siminti ya kawo, bai kawo ƙungiya ba.

Ba muna cewa kokowa ba ta da ciwonta ba. Tun da kuɗi suka yi yawa ake jin zargin sayar da kaye. Ana ganin ɗan wannan jaha ya koma yi wa waccan don abin da za a ba shi. Kuma mun san tsofaffin da filaye suka yi wa ihu jiya, yau suna fama da gwiwa da ƙugu ba mai leƙa su. Wannan ma abin dubawa ne, don ranar da mai kallo ya daina yarda cewa kayen gaskiya ne, ranar ce za a fara rasa shi.

INA MUKA DOSA?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan dogon tarihi shi ne ƙannenmu. Fiye da rabin mutanen ƙasar nan yara ne da matasa. Ku tambayi saurayi ɗan shekara 18 a Zariya ta Maraɗi ko a Garin Malam ta Damagaram: daren Asabar ina za ka je ka ga wasa, ko ka nuna naka? In ya cire fada da kallon ƙwallon Turai a gidan kallo, me ya rage? Biki mai yawo, ko da bai tsaya ba, sau ɗaya yake zuwa garinku cikin shekara takwas. Yaron da ke aji shida lokacin da ya zo, kafin ya dawo ya zama magidanci ko ya kama hanyar Libiya. Shekara bakwai ɗin da ke tsakani su ne rayuwar gari, kuma su ne ba wanda ya yi wa tanadi.

Ba sai an jira miliyoyi daga Yamai ba. Filayen kokowa suna nan, gidajen al'adu suna nan, tiribin yana nan. Abin da ya ɓace shi ne tsani irin na kokowa: unguwa ta kara da unguwa, lakwal da lakwal, makarantar allo da makarantar allo, a teyatur, a waƙa, a karatu, a langa, a dara, kowace shekara a lokaci sananne da ba ya canzawa don an canza magajin gari. Ƴan kasuwarmu da ke ba da mota da buhunan shinkafa ranar ƙarshen kokowa don a faɗi sunansu a lasifika, da za su ware kashi ɗaya cikin goma su riƙe gasar unguwanni, da an ga bambanci. Mu ma na gidajen rediyo muna da namu laifi: muna ba waƙoƙin waje awa da awa, amma ƙungiyar teyatur ta bayan gidanmu sai ta biya kafin mu sanar da wasanta.

Akwai kuma aiki na gaggawa. Waɗanda suka yi festibal suna tsufa, kowace shekara muna binne wasu. Kaset-kaset da hotunan wancan lokaci suna cikin akwatuna, zafi da gara na cin su. Duk mai uwa ko uba ko kawu da ya yi Samariya, ko ya taɓa shiga fili da walki, ya zauna da shi cikin wannan sanyi, ya kunna salula ya ɗauki muryarsa: wace shekara, wane gari, wa ya koya musu, da me suka dawo. In kun samu, ku kawo mana, za mu sa a iska da sunan mai labarin in ya yarda.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka riga mu, ya ba ƙasarmu lafiya da damana mai albarka. Ƴan kokowar da za su shiga fili bana, Allah ya sa a yi lafiya a tashi lafiya, mai rabo ya ɗauka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.